Taku, taƙi da taki: Yadda tazarar shuka ke raba rabo a lambunan GRA ta Maiduguri

Da zarar ruwan damina ya ɗauke a ƙarshen Satumba, iska ta fara juyowa daga gabas, sai bayan gidajen tsohuwar GRA ta Maiduguri ya sauya kama. Filin da a da aka bar wa ciyawa da tsofaffin tayoyi, tsakanin ɗakunan masu hidima da katanga, yanzu an kafta shi, an ja fangula. Nan tumatir, can attaruhu, ga yakuwa da kuɓewa, ga layin zogale ya bi gindin katanga. Wani lambun na maigida ne, wani na uwargida, wasu kuma na masu gadi ne, waɗanda da dama daga cikinsu manoma ne da rikici ya raba da gonakinsu a Bama, Dikwa ko Marte.

Mai wucewa zai ga wuri ya yi kore shar, ya yaba ya wuce. Wanda ya san aikin lambu kuwa, idonsa yakan fara sauka ne a kan filin da ke tsakanin wannan tsiro da wancan. A nan ake gane lambun da zai biya wahalarsa. Sau da yawa za a tarar tumatir ya cushe kamar fasinjojin motar cin kasuwar ƙauye: ya yi tsawo, ya rame, ganyen ƙasa ya yi rawaya, fure yana kakkaɓewa. A fangalin da ke gefe kuma albasa, wadda ba ta ƙin maƙwabtaka, an warwatsa ta jefi-jefi, ana shayar da tsurar ƙasa safe da yamma. Kuskure biyu ne masu karo da juna a cikin gida ɗaya, kuma asalinsu ɗaya: an shuka ba a ƙirga ba.

Shekaru ashirin da suka wuce, da wannan magana ce ta masu sha'awar furanni. Yau ta zama maganar tukunya. A watan Yunin 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, wata guda kafin a tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. A shekarar ce uwargidan Shugaban Ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta yi ta jan hankalin mata da gasar dasa lambu a kowane gida. A Maiduguri akwai ƙarin dalilan da Abuja ba ta da su. Gonar da ke nesa da gari tana iya cin ran mai ita: a ranar 28 ga Nuwamba, 2020, an kashe aƙalla manoman shinkafa 43 a Koshebe, kusa da Zabarmari. A wasu yankunan, an daɗe ana taƙaita noman amfanin gona masu tsawo a gefen hanyoyi da garuruwa saboda tsaro. Sannan a ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga unguwannin birnin, ya tafi da gonaki da lambunan da ke bakin kogin Ngadda. Kowane taku na ƙasar noma da ke cikin katanga ya ƙara daraja, kuma babu unguwar da ta kai GRA yalwar irin wannan ƙasa, tun da Turawan mulki sun yanka filayenta ne da faɗi, gida ɗaya a tsakiyar sarari.

Lissafin ’yan firamare

Asalin lissafin bai wuce na ɗan aji biyar ba. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. A ninka tazarar da ke tsakanin kunya da kunya da wadda ke tsakanin rami da rami, a raba 10,000 da abin da aka samu, sai adadin ramuka ya fito. Masarar da aka shuka a kan santimita 75 tsakanin kunyoyi, da santimita 25 tsakanin ramuka, ƙwaya ɗaya a kowane rami, za ta ba da tsiro 53,333 a hekta. Wannan ita ce tazarar da shirin Sasakawa ya yaɗa tun bayan shigowarsa Najeriya a 1992, ta jihohin Kano da Kaduna, har ta zama kamar karatun sallah a bakin malaman gona. Idan aka buɗe ramukan zuwa santimita 50 aka bar tsiro biyu-biyu, adadin bai sauya ba.

Abin da ke sauya shi shi ne ƙafar mai shuka. Manomin Arewa da taku yake awo, mai lambu kuma da taƙi, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya idan an buɗe hannu, kimanin santimita 20. Dukansu ma'aunai ne masu kyau a hannun mai gona da kansa. Amma ɗan ƙwadagon da aka yi wa jingar shuka fili, wanda ke son ya gama kafin azahar ya kama wani aikin, takunsa yakan ƙara faɗi. A ce kunya ta koma santimita 90, rami ya koma 40, kuma tsiro ɗaya ya tsira a kowanne. Adadin ya faɗo zuwa 27,777. Rabin gonar ya tafi ke nan tun ranar shuka, kafin tsutsa ko fari su ce uffan, kuma babu mai lura, domin bayan mako shida gonar za ta yi kore kamar kowace.

Sai dai wannan lamba ta 53,333 tana da sharuɗɗan da ba kasafai ake karanto su tare da ita ba. An tsara ta ne don ƙasar da ke samun wadataccen ruwa, irin ta Biu da Hawul a kudancin Borno ko ta Saminaka a Kaduna, kuma don gonar da za ta sha buhu shida zuwa takwas na NPK da buhu biyu zuwa uku na yuriya a hekta. Wanda ya cika gona da tsiro dubu hamsin ya zuba musu buhu biyu, ya tara baƙi ne bai ɗora tukunya ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kara zai fito siriri, goyon ya zama kamar ɗan yatsa, wani karan ma ba zai goya komai ba.

Shi ya sa tambayar «nawa ne tazarar masara?» ba ta da amsa ɗaya. Tazara rabon gado ce: akwai ruwa, akwai hasken rana, akwai abincin da ke cikin ƙasa, kuma yawan magada shi ke yanke abin da kowa zai samu. Aikin manomi shi ne ya gane wanne ne mafi ƙaranci a cikin ukun a gonarsa, ya ƙirga bakuna daidai da shi.

Abin da masu masakwa suka sani

Babu inda aka fi fahimtar wannan kamar gabas da Maiduguri, wajen Dikwa, Marte da Ngala, inda baƙar ƙasar laka da Barebari ke kira firgi ta shimfiɗu iyakar ganin ido. Da damina ruwa yakan kwanta a kanta, manoma su ja ’yan ƙananan gyaffa don su tsare shi ya nutse. A lokacin suna renon irin dawar masakwa a wani wuri mai jigawa. Idan ruwa ya janye, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sai a ɗauko dashen, a datse ganyensa, a soka ƙasa da sanda mai tsini, a tsiyaya ɗan ruwa a ramin, a sa tsiro biyu. Daga nan babu sauran ruwa, na sama ko na hannu, har girbi a Janairu ko Fabrairu. Dawar tana rayuwa ne kacokan a kan danshin da lakar ta riƙe. Fulanin arewacin Kamaru ma suna yin irin wannan noma, suna kiran dawar muskuwaari.

Tazarar da ake ba masakwa takan kai kimanin mita ɗaya ta kowane ɓangare, wato ramuka 10,000 ko kusa da haka a hekta. Jami'in da ya zo da takardar masara a aljihu zai ga wannan ya ce ɓarnar fili ce. Amma mai masakwa ba fili yake rabawa ba. Abin da yake rabawa tulun ruwa ne da aka cika sau ɗaya aka rufe bakinsa, kuma ya san cewa in ya ninka bakunan da ke sha, tulun zai ƙare a lokacin da dawar ke shirin fitar da zangarniya, ya tashi da kara babu ƙwaya. Wannan ilimi ne da aka gwada shekara da shekaru, da yunwa a matsayin mai duba jarrabawa.

Noman damina a kewayen Maiduguri ya ɗan fi haka sauƙi, amma ba sosai ba. Birnin yakan samu ruwan sama kimanin milimita 600 a shekara, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, a kan ƙasa mai yashi, domin garin yana zaune ne a gefen tsohon tudun rairayin da ya miƙa ta Bama, wanda a zamanin da shi ne gaɓar babban Tafkin Chadi. Milimita 600 a kan hekta lita miliyan shida ce. A raba ta ga tsiro 53,333, kowanne ya tashi da lita 112 na dukan damina, kafin a cire wanda ya gudu, da wanda ya nutse ya wuce saiwa, da wanda rana ta ɗauke. A raba ta ga ramuka 10,000, kowanne yana da lita 600. Ga dalilin da ya sa manomin gero a Maraɗi ko Damagaram yake shuka a kan taku mai faɗi, ya cire tsiro ya bar uku a rami. A kan wannan tazara ce ma masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, suka gina dabararsu ta zuba taki da marfin kwalba: giram shida a kowane rami, kilo 60 ke nan a hekta, buhu ɗaya da ɗan ɗori.

Gero yana da wata baiwa da masara ba ta da ita. Idan ya samu fili da danshi yakan fitar da ’ya’ya daga gindi, rami ɗaya ya ba da zangarniya da yawa; in shekara ta yi tsanani kuma ya taƙaita. Shinkafa da alkama ma haka suke. Masara kuwa kara ɗaya ce da goyo ɗaya, wani lokaci biyu, saboda haka ramin da bai tsiro ba giɓi ne har kaka. Ingantattun irin gero masu saurin nuna, kamar SOSAT-C88 da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar a Najeriya a shekarar 2000, suna ɗaukar matsi fiye da na gargajiya. Malaman gona sukan ba da shawarar santimita 75 da 50, tsiro biyu a rami, muddin za a ba su taki.

A cikin katanga lissafin ya juye

Abin mamaki shi ne, mai gadin da ya taso a ƙasar firgi, in ya kawo wannan hikima cikin lambun GRA ba tare da ya juya ta ba, asara zai yi. A gonar masakwa ruwan da ke ƙasa ƙayyadadde ne, fili kuma ga shi nan birjik. A lambun gida ruwan saye ake yi, ko da kuɗin ’yan garuwa ko da kuɗin man janareta mai jan rijiyar burtsatse, kuma ƙasa ce ke shan sa, ba tsiro kaɗai ba. Duk murabba'in mitar da aka jiƙa, rana za ta karɓi rabonta daga gare ta, ko akwai albasa hamsin a kai ko guda goma.

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40, fangali yakan buƙaci lita shida zuwa takwas a kowace murabba'in mita kullum. Lambu mai mita 10 faɗi da 10 tsawo zai sha kimanin lita 700 a yini, jarka 28 ke nan mai lita 25. Mazauna birnin ba su manta da abin da ya biyo bayan Janairun 2021 ba, lokacin da aka kayar da turakun layin lantarkin da ke zuwa daga Damaturu, gari ya shafe watanni cikin duhu. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuma, kowace awa da injin ban-ruwa ya yi yana aiki tana da farashin da ake ji a jika. Ko mai famfon sola yana da iyakar abin da tankinsa zai ɗauka.

Don haka dokar lambun gida ita ce a ƙanƙance fangali, a cika shi, ta yadda idan shukar ta girma ganye zai taɓa ganye ya rufe ƙasa ba tare da ya hau kan ɗan'uwansa ba. Fangali mai faɗin mita ɗaya ko ɗaya da ’yan kai ya isa, don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba sai an taka ƙasar an danƙare ta ba. A kuma yi shi mai zurfi kaɗan, irin na masu noman rani a fadama, domin tudun fangali a ƙasar yashi zubar da ruwa yake yi.

Albasa ita ce babban misali. A kan santimita 15 zuwa 20 tsakanin layi, da 10 tsakanin tsiro, murabba'in mita ɗaya za ta ɗauki 50 zuwa 66. In aka ƙara matse ta, ƙwayar za ta ƙanƙance, ko da yake jimillar nauyin na iya ƙaruwa. In aka buɗe ta sosai, za ta yi manyan kawuna masu kaurin wuya, waɗanda ba sa jure ajiya. Mai shuka don miyar gida da mai shuka don kai wa Kasuwar Monday ba lalle ne su zaɓi tazara ɗaya ba. Karas ana jan masa layi ne a yafa, sannan a rage shi zuwa kimanin yatsa uku tsakanin tsiro. Latas yana son taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa ake cuɗa shi da yashi kafin a yafa. Zogale kuma ya danganta da abin da ake nema: in ganye ne, ana iya jera shi kusa-kusa a riƙa datse shi yana tohowa, in ’ya’ya ne, sai a ba shi mita biyu zuwa uku ya zama bishiya.

Tumatir ne ke ba mutane kunya. A gadon reno ɗan siriri ne abin tausayi, sai mai dasawa ya ga kamar zalunci ne a bar shi shi kaɗai a tsakiyar fili. Amma yana buƙatar kimanin santimita 60 da 50, wato uku kacal a murabba'in mita, haka ma attaruhu da tattasai ba su yi nisa da wannan ba. Fangali mai mita ɗaya da biyar gindi 15 zuwa 17 zai ɗauka, ba arba'in ba. Cunkoso yana hana iska ratsawa, ganye ya daɗe da laima bayan ban-ruwa, cuta ta samu wurin zama, kuma mai neman tsutsa a ƙarƙashin ganye ba ya iya ganin ta. Shi tumatir ma ba ya ƙulla ’ya’ya da kyau a tsananin zafi, saboda haka wanda bai dasa ba tsakanin Oktoba da Disamba ya riga ya makara, ko da ma'aunin injiniya ya yi awo.

Babban maƙwabci

Akwai wani mai rabon gado a kowane gidan GRA wanda ba a sa shi a lissafi, alhali shi ne ya fi kowa ci: dogon yaro. An shigo da bishiyar lardin Borno ne a wajajen 1928, bayan ta iso Afirka ta Yamma daga Indiya ta hanyar ƙasar da ake kira Gana a yau, kuma ita ce ta mayar da Yerwa garin inuwa. Babu mai hankalin da zai ba da shawarar a sare ta a garin da rana ke dafa ƙwai. Amma saiwarta tana tafiya nesa da inda rassanta suka tsaya, kuma fangalin da ake shayarwa kullum gayyata ce a gare ta. Mai lambu zai ga yana ta zuba ruwa da taki, shuka ba ta motsi. In ya tona zai tarar da ƙananan saiwoyi sun saƙe ƙasar kamar tabarma.

Kayan lambu masu ’ya’ya suna son rana ta aƙalla awa shida. Kafin a ɗaga fartanya, ya kamata a ɓata yini guda ana kallon inda inuwar bishiya da ta katanga ke faɗawa da hantsi, da azahar, da la'asar, a kuma tuna cewa da hunturu rana takan karkata kudu, inuwar katangar kudu ta ƙara tsawo. Wurin da ya fi samun rana na tumatir ne da albasa. Gefen inuwa na ganyayyaki ne, waɗanda da bazara ma sukan gode wa ɗan sauƙin da bishiyar ke kawowa. Inda saiwa ta gagara, buhunan da aka cika da ƙasa da taki aka ɗora a kan bulo sun fi fangali, kuma dabara ce da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta yaɗa a tsakanin ’yan gudun hijira a jihar. Ko a buhun ma dokar tana nan: gindin tumatir ɗaya a buhu ɗaya.

Kuskuren da ya fi daɗewa ana biyan bashinsa shi ne na itatuwan marmari. Mangwaro yana buƙatar kimanin mita 10 ta kowane ɓangare, bishiya ɗari a hekta. Fuloti mai ƙafa 100 da 50 bai kai murabba'in mita 470 ba, har da inda ginin ya zauna. Duk da haka sabon mai gida yakan sayo mangwaro shida, gwaiba huɗu da lemu uku daga masu sayar da dashe a bakin titi, ya jera su a gindin katanga taku biyu-biyu. Shekara biyar abin sha'awa ne. A ta goma rassa sun sarƙe, ’ya’ya sai can ƙololuwa, katanga ta tsage, lambun da ke ƙasa ya mutu.

Noman waya da noman takarda

Wannan batu ya shafi ma'aikacin Abuja ta fuska biyu. Ta farko ita ce aljihunsa. Da wuya a shiga ofis a sakatariyar tarayya ba a samu mai gona a gida ba, wanda ke noma ta waya: ya tura kuɗin huɗa, ya tura na iri, ya tura na taki, a turo masa hoton gona ta WhatsApp. Yakan tambayi buhu nawa aka zuba. Ba kasafai yake tambayar tsiro nawa ne suka tsaya ba, alhali ita ce tambayar da ke da amsar da za a iya tantancewa daga nesa. A sa yaro ya auna mita 10 a kan kunya, mako biyu bayan shuka, ya ƙirga tsiron da ke ciki, a wurare biyar daban-daban na gonar. In masara ce a kan santimita 75 da 25, ya kamata a samu 40. In 22 aka samu, to takin da aka saya don cikakkiyar gona rabinsa ciyawa da wuta-wuta zai ciyar, kuma gara a sani tun ana iya cike giɓi ko a soka wake a tsakani.

Soka waken ma ba koma-baya ba ne. Tun a shekarun 1960 da 1970, binciken David Norman a Samaru ya nuna cewa manomin ƙasar Zazzau da ke haɗa gero, dawa da wake a gona ɗaya yana da hujjarsa ta riba da ta kauce wa asara. Daga baya masu binciken IITA a Kano, ƙarƙashin B. B. Singh, suka daidaita tsarin zuwa layi biyu na hatsi da layi huɗu na wake, don waken ya samu rana.

Fuska ta biyu ita ce teburin aikinsa. Borno ba ta rasa masana a sama ba: Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima tattalin arzikin noma ya karanta a Jami'ar Maiduguri, Gwamna Babagana Zulum farfesa ne a injiniyancin noma, Ministan Noma Abubakar Kyari ma ɗan jihar ne. Amma rahoton shirye-shiryen tallafi, tun daga dokar ta-ɓaci kan abinci ta Yulin 2023 har zuwa noman alkamar rani da aka ƙaddamar a Jigawa a Nuwamban shekarar, da buhu da tirela da hekta ake rubuta shi. Waɗannan su ne abubuwan da ake iya ɗauka a hoto. Ko an yafa alkamar ne da hannu, ko an ja mata layi a kan tazarar taƙi guda, wannan ba ya shiga takardar da ake kai wa babban sakatare, ko da yake yana cikin abin da ke yanke buhunan da za su fito. Malamin gonan da zai tsaya a kan kunya ya nuna, shi ɗaya ne ga dubban iyalai, sau da yawa babu man babur.

Tarihin masarar Amurka yana da abin faɗa a nan. A shekarun 1930 manomanta suna shuka kimanin tsiro 30,000 a hekta. Yau suna kaiwa wajen 80,000. Donald Duvick, masanin iri na kamfanin Pioneer, ya jera tsofaffin iri da sababbi a gona ɗaya a jihar Iowa, ya gano cewa in aka ba kowane tsiro fili mai yawa, sabon iri bai fi tsohon da wani abin kirki ba. Fifikonsa yana bayyana ne a cikin matsi: yana jure cunkoso bai faɗi ba, bai kuma ƙi goyo ba. Ma'ana, gwamnatin da ta sayi iri mai tsada ta raba, aka shuka shi a kan takun kakanni, ta biya kuɗin abin da ba za ta karɓa ba. Haka nan wadda ta tilasta matsi a inda babu ruwa babu taki.

Kayan aikin da ke gyara yawancin wannan ba ya buƙatar kwangila. Igiya ce mai tsawon mita 20 ko 30, a ƙulla ta ko a matse mata marfin kwalba a kowace tazarar da ake so, da turaku biyu, da sanda biyu da aka yanka daidai faɗin kunya. A lambun gida kuwa kara ɗaya mai tsawon taƙi uku ya ishi tumatir, ɗan guntu mai tsawon rabin taƙi ya ishi albasa.

Abin da igiya ba ta iya yi shi ne cira. Mako biyu bayan tsiro, in ƙasa tana da danshi, dole a durƙusa a tumɓuke lafiyayyun tsirrai da hannu don na kusa da su su rayu, kuma nan ne hannun yawancin sababbin masu lambu ke yin nauyi. Mutumin da ya ga buhun iri ya yi tsada, ko wanda ya taɓa kwana da yunwa a sansani, ba ya cire abin da ya tsiro cikin sauƙi. Tsofaffin hannu sun daɗe da samar wa abin mafita. Alayyafo da yakuwar da aka rage, tukunyar miyar daren ranar suke shiga. Ragowar dashen tumatir kuma a naɗe saiwarsa da jiƙaƙƙen tsumma, a miƙa wa mai gadin gidan da ke maƙwabtaka ta saman katanga.